Soson Da Inji Ke Saƙawa Don Tsare Kaya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili kaɗan in yi wa 'yan'uwana akawuna da malamai bayanin wani sabon soso da za a iya tsare kaya masu fashewa da shi.

Duk wanda ya taɓa buɗe akwati ya tarar da kwalaben magani a farfashe ya san zafin asara. Aikin soso kamar na gammo ne. In ya cika tauri, bugu ya ratsa shi ya sami kaya. In ya cika laushi, ya lotse sarai, kaya su daki katako. Nagari shi ne mai lotsewa sannu sannu, yana shanye ƙarfin faɗuwa.

Soson da muka sani iska ke kumbura shi, ƙofofinsa manya da ƙanana, ba tsari. Sabon kuwa inji ke zuba zaren roba, hawa bisa hawa, kamar saƙa. Cikin 2014 masanan Lawrence Livermore a Amurka suka nuna in zare ya hau daidai bisa ɗan'uwansa soso ya yi tauri, in an goce shi ya yi laushi, alhali robar ɗaya ce. Cikin 2016 suka ga ya fi na da jimrewa da tsufa.

Aibinsa jinkirin ƙira da tsada. Saboda haka a ganina kayan asibiti masu daraja ya kamata a fara tsarewa da shi. Ko me masu karatu suka gani?

Haza wasalam.

Naka,
Wani Akawu.