Daga Ayari Zuwa Lambu: Yadda Albasa Ta Sauya Dutsen Azbin

Wanda ya hango Azbin daga nesa, arewa da Agadas, baƙaƙen duwatsu kawai zai gani a tsakiyar Sahara. Ƙololuwarsu tana kan tsaunin Bagzan, mita 2,022, kuma babu inda ya kai nan tsawo a Nijar. Amma rayuwa tana cikin kwazazzabai. Ruwan damina, duk da ƙarancinsa, yana gangarowa ta koramu ya nutse cikin yashi, ya kwanta kusa, inda rijiya za ta cim masa. Wannan ruwan ne ya riƙe mutane tun zamanin da Gobirawa, bisa tarihinsu na baka, suke zaune a nan kafin su yi kudu.

Shekaru aru-aru raƙumi ne arzikin Abzinawa. Ayari ya keta Tenere zuwa Fachi da Balma, ya ɗauko kantun gishiri da dabino, ya gangara Damagaram da Kano ya komo da gero. Lambu yana nan, sai dai na cin gida ne: alkama, masara, ɗan kayan miya.

Fari ne ya fara karya wannan tsari. Na 1973 zuwa 1974, sannan na 1984, sun halaka dabbobi, manyan motoci kuma suka shiga jigilar gishirin. Baƙin yawon buɗe ido da suka toshe wani giɓi, tawayen Abzinawa na 1990 zuwa 1995 da na 2007 sun kore su. Makiyayin da garkensa ya ƙare, da ɗan jagoran da ya rasa baƙi, duk suka nufi bakin korama.

Albasa ce ta karɓe su. Sanyin tudu yana ba manoman Tabelot da Bagzan damar nomanta da damina, ta isa kasuwa lokacin da ta garin Galmi ta yi ƙaranci, farashi ya hau. Daga Agadas buhuna kan wuce har Gana da Kwaddibuwa. Ga dankalin Turawa da tafarnuwa, ga lemo da rumman na Timiya. Kuɗin ya tsayar da matasa da yawa a gida, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankin da sauran zaɓin shi ne ramin zinariya ko hanyar Libiya.

Inda hankalina bai kwanta ba shi ne rijiya. A da, sa ko raƙumi ke jan wasaki, kuma dabba tana gajiya. Gajiyarta ce iyakar ruwan da mutum zai ɗiba a yini. Injin ban-ruwa ba ya gajiya muddin akwai mai. Lambuna sun faɗaɗa, rijiyoyi sun yawaita a korama guda. Mai hali ya ƙara zurfi, maƙwabcinsa ya wayi gari rijiyarsa ta ƙafe. An kuma sare itatuwan gaɓa don share fili, sai ambaliya ta samu hanya ta cinye lambun kansa.

Ga kuma dogaro da abu ɗaya. Manomi ya ci bashin iri da taki da mai. Shekarar da kasuwa ta faɗi ko iyaka ta rufe, albasar ta ruɓe a buhu, bashin yana nan daram.