Ár: haruffa biyu da ke nufin farashi, shekara da kisan kiyashi

Wanda ya shiga kasuwa a birnin Budapest zai yi ta cin karo da kalmar ár a jikin kayan sayarwa, domin a harshen Hungariya ma'anarta farashi. Idan ya sauka a Reykjavik, babban birnin Ayislan, daren sabuwar shekara, kalmar ce dai zai gani a katunan gaisuwa, sai dai a can tana nufin shekara. A harshen Irish na ƙasar Ayalan kuwa, ár ita ce "namu", kuma ita ce kisan kiyashi a fagen fama.

Hungariyawa sun ɗora wa kalmar kaya mafi nauyi. Ban da farashi, tana nufin ambaliya, da basilla irin ta dukawa, da ma'aunin fili mai murabba'in mita 100. Biyun farko duk sun bar tabo a tarihinsu. A watan Maris na 1879 kogin Tisza ya cinye kusan dukkan birnin Szeged. A watan Yulin 1946 kuma farashi ya riƙa ninkawa kusan kowace sa'a 15, hauhawar da duniya ba ta taɓa ganin irinta ba, har aka jingine kuɗin pengő aka fito da forint ranar 1 ga Agusta.

A Ayislan, jinsin kalma ne ke raba gardama. Ár marar jinsi shekara ce, 'yar uwar Jahr ta Jamusanci, sai dai tsohon harshen Norse ya zubar da sautin farko. Ár ta mace kuwa filafilin tuƙa kwalekwale ce. Akwai ta uku, jam'in á, wato koguna. Kuma ba a furta ta kamar yadda ido ya gani: bakin ɗan Ayislan "aur" yake cewa.

Ta Irish tana da wata ɗabi'a: tana sauya farkon kalmar da ta biyo ta. Bád jirgin ruwa ne, amma "jirginmu" ár mbád. Ita ce a tsakiyar taken nan na 'yan gwagwarmayar haɗe Ayalan, tiocfaidh ár lá, ma'ana ranarmu na nan tafe.

Shin akwai dangantaka? Babu. Harshen Hungariya ɗan gidan Ural ne, danginsa su ne Finnish da Estonian. Na Ayislan reshen Jamusanci ne na arewa, Irish kuma na Celt. Waɗannan biyun kakansu ɗaya, amma ár ɗinsu kowacce da tushenta. Sautukan ɗan Adam 'yan kaɗan ne, don haka dole gajerun kalmomi su yi ta karo da juna.

Maganar ba ta wasa ba ce, domin an sha gina asalin al'umma a kan irin wannan kama. A shekarun 1880 malaman Hungariya sun yi zazzafar muhawara: Ármin Vámbéry ya ce harshensu jinin Turkawa ne, József Budenz ya ce na Finn ne. Budenz ya yi rinjaye saboda ya dogara da sauyin sauti mai bin ƙa'ida a ɗimbin kalmomi. Da wannan ma'auni ne masana da dama ke haɗa ár ta farashi da arvo ta Finnish, wadda ke nufin daraja.