Masu Gemu da Jita: Kowa da Irin Kukansa

Kamfanoni uku ne ke riƙe da akalar kasuwar waƙa ta duniya: Universal, Sony da Warner. A gefensu akwai ƙanana irin su Sub Pop, Merge da Jagjaguwar, masu ɗaukar mawaƙin da manya suka ga ba zai kawo kuɗi ba. Waƙoƙin da ke fitowa daga wannan lungu su ake kira indie, kuma reshe biyu ne suka fi suna: folk mai jitar katako da sanyin murya, da rock mai jitar lantarki da ganguna. Wanda bai saba ba zai ce duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su, Turawa ne masu gemu da rigar sanyi suna ƙorafi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai kowa da irin kukansa. Abin da ya haɗa su shi ne ba sa goge waƙa har ta yi sheƙi, kuma wannan rashin gugar ita ce gishirin.

A fara da sarkin masu kuka, Justin Vernon, wanda ke waƙa da sunan Bon Iver. A 2006 ƙungiyarsa ta watse, soyayyarsa ta mutu, ga rashin lafiya. Da a wajenmu ne, gwaggo da kawu za su zaunar da shi su ba shi baki. Shi kuwa ya tattara komatsansa ya tafi bukkar farautar mahaifinsa a dajin Wisconsin, ya shafe watannin hunturu a can, ya fito da faifan For Emma, Forever Ago a 2007. Saurari "Skinny Love": yana dukan jitar kamar ita ta yi masa laifi, ya siranta murya, ya naɗa ta a kan kanta sau da yawa, har ka ɗauka mutum biyar ne aka yaudara rana ɗaya. Da kansa ya fara sakin faifan kafin Jagjaguwar ta sake fitar da shi a 2008.

Su kuwa Fleet Foxes na birnin Seattle ba sa kuka su kaɗai. A "White Winter Hymnal" ta 2008 murya ɗaya ce ke farawa tana nanata layi guda, sauran su shigo ɗaya bayan ɗaya har waƙar ta cika. Ba ta kai minti uku ba. Karin mai daɗi ne, kana ji kana kaɗa kai, sai daga baya ka gane ana maganar wani ne da ya faɗi, ƙanƙara ta yi ja. Wannan ɗabi'arsu ce: a sa maka labari mai ɗaci cikin zaƙin murya.

Idan kana son hayaniya, nemi Arcade Fire na Montreal a Kanada. Sun sa wa faifansu na 2004 suna Funeral, wato jana'iza, saboda rashe-rashen da aka yi wa wasunsu lokacin aikin. Amma ka ji "Wake Up": jita mai nauyi, ganga, kayan goge, sannan jama'a su ɗauki amshi da babu kalma ko ɗaya a cikinsa. Ban taɓa jin makoki mai sa mutum ya miƙe tsaye irin wannan ba. A 2011 faifansu The Suburbs ya doke na Eminem da na Lady Gaga ya lashe Grammy ta faifan shekara, Amurkawa da yawa suka wayi gari suna tambayar su wane ne waɗannan.

Gwanin alkawari shi ne Sufjan Stevens. Ya ce zai yi wa kowace jiha cikin jihohin Amurka 50 faifai guda. Ya yi Michigan a 2003, ya yi Illinois a 2005, shiru kake ji. Daga baya ya amsa cewa dabarar talla ce. Na yafe masa saboda Carrie & Lowell na 2015, wanda ya yi bayan rasuwar mahaifiyarsa. Raɗa yake yi, kana jin numfashinsa tsakanin layi da layi, dole ka rage surutu.

To, kowane allazi da nasa amanu. Da kasuwa ta gano akwai riba a wannan salo, sai ta rungume shi. Mumford & Sons na Landan suka zo da banjo da buga ƙafa, The Lumineers suka fito da "Ho Hey" a 2012, nan da nan tallace-tallace suka cika da tafi da ihu. Waƙoƙin ba su da laifi, amma bukka ta zama ado.

Kada a ɗauka harkar ta Turawa ce kawai. Mdou Moctar, Buzu ɗan Nijar, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008. Waƙoƙinsa suka yaɗu daga waya zuwa waya ta memori da Bluetooth, har ya kai ga Matador, ɗaya daga cikin gidajen indie na Amurka, inda ya fitar da Afrique Victime a 2021. Bombino na Agadas shi ma Dan Auerbach na The Black Keys ne ya shirya masa Nomad a 2013.

Mai son ɗanɗanawa ba ya bukatar Turanci mai zurfi. Ya sa abin kunne, ya zaɓi faifai ɗaya ya ji shi daga farko har ƙarshe, don haka aka tsara su. Ya kasa kunne ga ƙarar yatsa a kan tsirkiya da muryar da ta ɗan karye aka bar ta a haka. In ranka a ɓace yake, fara da Arcade Fire. Bon Iver sai ranar da ka ci ka ƙoshi.