Ciwon ƙugu da gaɓoɓi: abin da likita ke dubawa kafin ya ba da magani

Da damina ta sauka, manoma a garuruwa irin su Kekun Waje da ke ƙaramar hukumar Bungudu a jihar Zamfara kan wuni a duƙe da fartanya. Idan ƙugu ko gwiwa suka riƙe, galibi sai a nufi kemis a karɓi haɗin ƙwayoyi, a sha, a koma gona.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙugu a shekarar 2020, kuma kusan kashi 90 cikin 100 ba a iya danganta ciwon nasu da wata takamaimiyar cuta.

Don haka aikin farko na likita shi ne gano 'yan tsirarun da ciwonsu ke da haɗari. Zazzaɓi da rama da gumin dare na iya nuna cewa tarin fuka ya shiga ƙashin baya. Mutuwar ƙafafu ko kasa riƙe fitsari kuwa na buƙatar a garzaya babban asibiti, kamar Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau. Yaron da ƙasusuwansa ke yawan ciwo, a gwada shi ko yana da amosanin jini.

Ga sauran jama'a, ƙa'idojin da hukumar ta fitar a watan Disamban 2023 kan daɗaɗɗen ciwon ƙugu sun fifita motsa jiki da tausa, da kuma fahimtar da majinyaci yanayin ciwonsa. Ba su goyi bayan ɗaura bel ba, haka ma ƙwayoyi dangin tramadol, waɗanda ke kama jiki har a kasa rabuwa da su.

Sun amince da magunguna irin su ibuprofen da diclofenac, amma na ɗan lokaci. A nan ne haɗin kemis ke da illa: sau da yawa mai sha bai san abin da ke cikin ƙullin ba, kuma yana iya haɗiye biyu masu aiki iri ɗaya. Yawan shansu na jawo gyambon ciki, yana kuma lalata ƙoda, musamman ga wanda ya wuni a rana bai sha isasshen ruwa ba, ko mai hawan jini.

Shawarar a huta ma ba ta da sauƙi ga wanda ciyawa ke cin gonarsa. Likitoci dai ba sa son doguwar kwanciya. Sun fi son a rage aikin, a riƙa miƙewa akai-akai, a kuma koma asibiti idan makonni shida suka wuce babu sauƙi.