Ƙasar Noman Masarautar Gumel Na Jiran Masu Bincike

Duk wanda ya san gonakin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar ya san ƙasar rairayi ce, ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki, ga damina gajera. A kanta ake noma gero da wake da gyaɗa da riɗi. A 'yan shekarun nan takin zamani ya yi tsadar da ƙaramin manomi ba ya iya sayen abin da gonarsa ke bukata. A matsayina na malamin jami'a, ina ganin wani ɓangare na mafita yana cikin ƙasar kanta, wato ƙananan halittun da ido ba ya gani.

Idan aka tuge wake aka duba saiwarsa, za a ga wasu 'yan ƙululai a jikinta. A cikinsu ne bakteriyar da ake kira rizobiyam ke zaune, tana ɗaukar sinadarin naitirojin daga iska tana mayar da shi abincin shuka. Manomanmu sun daɗe da sanin cewa gero ya fi kyau a inda aka noma wake, da kuma ƙarƙashin gawo. Kimiyya ta gano dalilin tun 1888, lokacin da masanin ƙasar Holan, Martinus Beijerinck, ya ware wannan bakteriya. Ƙasar Barazil ta gina noman waken soyarta a kan wannan ilimi, har masaniyarta Mariangela Hungria ta samu Kyautar Abinci ta Duniya a 2025.

A nan gida ma an fara. Cibiyar IITA ta samar da Nodumax, wanda ake cuɗa irin waken soya da shi kafin shuka. Ta kuma samar da Aflasafe, wanda aka haɗa da nau'in fumfuna marar guba da aka samo a ƙasar Najeriya, domin ya rinjayi mai gubar da ke ɓata gyaɗa da masara, gubar da ke haddasa kansar hanta. Darasin a fili yake: halittar da ta saba da wuri ita ta fi iya aiki a wurin. Wadda ta yi kyau a Ibadan ba lallai ne ta jure zafin bazarar Maigatari ba.

Ga tambayoyin da kowace ta isa kundin digiri na biyu ko na digirgir. Waɗanne nau'o'in rizobiyam ne ke rayuwa a rairayin Sule Tankarkar, kuma wanne ya fi amfanar wake? Shin fumfunar fusariyam da aka gwada a wasu ƙasashen Afirka wajen kashe ƙuduji za ta yi tasiri a gonakin geron Gagarawa? Ta yaya za a sarrafa kashin dabbobin da ke taruwa a kasuwar Maigatari kowace Alhamis ya zama taki mai inganci, marar ɗauke da cuta?

Wuraren yin aikin suna kusa. Akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, da tashar IITA da ke Kano.

Sai dai aikin yana da nauyi. Gwajin gona yana bukatar akalla damina biyu kafin a amince da sakamakonsa, ga kuɗin sinadarai da na wutar ɗakin gwaje-gwaje. Wannan ne ke tura ɗalibai da yawa zuwa batutuwa masu sauƙi da ke ƙarewa a kan kanta. Don haka nake kira ga Gwamnatin Jihar Jigawa da asusun TETFund su ware tallafi na musamman ga binciken ƙasar noma, ƙananan hukumomin nan huɗu kuma su ba da filayen gwaji. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Masu ba da tallafi na waje sun fi sauraron wanda ya riga ya fara.

Ku kuma ɗalibai 'yan wannan yanki, kun san gonakin, kun san manoman, kuna jin harshensu. Ku nemi malamin da zai jagorance ku tun kafin damina ta faɗi, ku fara da gonar gidanku.