Taskokin Tarihi da Malaman Makaranta Suka Tara a Nijar

Tarihin ƙasashen Nijar ya daɗe a warwatse, wani a cikin kundayen malamai, wani a bakin maroƙa da dattawan fada. Malaman makaranta suna cikin waɗanda suka ɗauki nauyin tattara shi wuri guda.

Jigonsu shi ne Bubu Hama (1906–1982), malamin makaranta wanda ya shugabanci Majalisar Dokoki har zuwa 1974. Ya sa an tara rubuce-rubucen Larabci da na ajami, wasu na asali, wasu kuma kwafe su aka yi. Daga baya aka mayar da su cibiyar bincike ta IRSH a Yamai, inda adadinsu ya kai kimanin 4000.

Sai dai takarda ba ta riƙe kome da kome ba. Saboda haka a 1968 aka kafa cibiyar ɗaukar tarihin baka a Yamai da taimakon UNESCO, wadda ta zama CELHTO a 1974. Da irin wannan haɗin na rubutu da zancen baka André Salifou ya fitar da tarihin Damagaram a 1971, Djibo Hamani kuma na Adar a 1975.

Abin lura shi ne, tarawa ba ita ce adanawa ba. Gara da danshi suna cin takarda, zafi yana lalata kaset. Muddin ba a sake kwafe su ba, dattijon da aka ɗauki muryarsa zai mutu sau biyu.