Tsohon kare da aka yasar

Ɗan'uwa mai karatu, ka san yadda garinmu Dakoro yake. Nan ne manoma da makiyaya suke haɗuwa. Da damina Fulani da Buzaye su yi arewa da bisashensu, bayan girbi su gangaro. Wani lokaci garke ya tashi, a bar kare baya domin ya tsufa ko ba shi da lahiya. Sai ka gan shi bakin rijiya ko bayan kasuwa, haƙarƙari a waje, yara suna jifa tai.

Idan tausayi ya kama ka, ka yi niyyar ɗaukar wanga kare, ba ka yi laihi ba. Malamai suna ba mu labarin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta mashi. Kuma an yarda a aje kare don tsaron garke, ko gona, ko farauta. Amma a yi tausayin da hankali.

Duba kahin ka taɓa

Akwai ciwon da ake kira haukan kare. Shina shiga jikin mutum ta cizo, ko idan miyan karen ya taɓa rauni. A kowace shekara shina kashe mutane wajen 59,000 a duniya, galibi a Afirka da Asiya, kuma da yawansu yara ne. Idan alamunsa suka bayyana ga mutum, kusan babu mai tashi.

Saboda haka tsaya nesa ka duba. Miyau na dalala daga bakinsa? Shina cizon icce da dutse da duk abin da ya samu? Muryarsa ta sake? Ƙafafun baya suna ja? To, kada ka kusance shi. Kori yara, ka sanar da ma'aikatan kiwo.

Idan babu waɗannan alamu, ɗaure shi a inuwa, nesa da yara da tumaki. Ciwon shina iya ɓoyewa a jiki makonni ko watanni, kuma ba ka san inda karen ya biyo ba. Kai shi ga likitan dabbobi ya duba shi, ya yi mashi allurar rigakahi, ya gaya maka ranar da za a sake.

Abinci kaɗan-kaɗan

Ga kuskuren da mutane suka hi yi. Sun ga kare ya rame, sai su cika mashi ƙwarya. Cikin da ya daɗe da yunwa ba ya ɗaukar abinci mai yawa lokaci guda. Zai yi amai da zawo, har ya iya mutuwa. Fara da ruwa mai tsabta. Sannan ka ba shi abinci ɗan kaɗan, sau 4 a yini. Bayan mako guda ka riƙa ƙarawa.

Tsohon kare haƙoransa sun cinye. Jiƙa mashi tuwon hatsi da ruwa ko ɗan nono ya yi taushi. In an samu guntun nama ko ƙwai dafaffe, madalla. Kada ka ba shi ƙashin kaza dafaffe, shina tsagewa ya soke hanji. Ware mashi kwanonsa, kada ya haɗu da na gida.

Kaska, ƙuma da tsutsa

Duba kunnuwa da tsakanin yatsu, nan kaska take ɓoyewa. Idan gashi ya zube, fata ta yi ɓawo, shina ta susa, likita na da magani. Shi ne kuma zai ba ka na tsutsar ciki daidai nauyin karen. Kada ka shafa mashi baƙin man mota ko maganin ƙwarin gona, dahi ne. Kada ka ba shi ƙwayar ciwon kai ta mutane. Duk sadda ka taɓa shi, wanke hannu da sabuni.

Haƙuri

Karen da ya sha duka ba ya yarda da mutum da wuri. Kada ka matsa mashi. Aje abinci, ka ja baya, ka yi magana a hankali. Ka hana ɗiyanka taɓa shi in shina ci ko shina barci. Ni kaina na taɓa riƙon irin wanga kare. Sai da ya yi wata guda kahin ya kaɗa mani wutsiya. Gudu kam ya ƙare mashi, amma har ya mutu dila bai sake shiga garkar awakina ba.

Idan an yi cizo

Ko karenka ne, ko na wani, wanke wurin nan take da ruwa da sabuni har minti 15. Sannan a tahi asibiti ran nan, kada a jira gobe. Allurar tana ceton rai idan an yi ta kahin ciwon ya bayyana. Kada a tsaya ga maganin gida kaɗai.

Kahin ka ɗauko kare, tambayi kanka: ina da abin ciyar da shi har ƙarshen ransa? Idan ba ka iyawa, ba shi ruwa, ka nemo wanda zai iya.

Tambayoyi

1. Waɗanne alamu ne na haukan kare?
2. Don mi ba a cika ma ramammen kare ƙwarya?
3. Mi za ka yi idan kare ya ciji ɗanka?